Ruwa, Gishiri da Goro: Su Ma Za A Rubuta Su Cikin Littafin Abinci?

A shafin lafiya na wannan fitowa za mu amsa wata tambaya da ta daɗe tana dawo mana daga ikilisiyoyin ƙauye, musamman daga bakin 'yan Zumuntar Mata.

Kun san cewa idan aka gwada mutum aka sami ciwon sukari ko hawan jini, ko kuma yaro ya ƙi yin nauyi a wurin awo, ma'aikacin lafiya yakan ce a je a sami ɗan littafi a riƙa rubuta abin da aka ci da abin da aka sha. Mutane da yawa sun yi ƙoƙari. Amma in ka buɗe littattafan, abin da za ka gani bai wuce tuwo, shinkafa da wake, gwate, doya, kunu ba. In ka tambaya ko shi ke nan, sai a ce maka, "To, sai ɗan ruwa da na sha, da goro ɓari ɗaya a bakin kasuwa. Ai waɗannan ba abinci ba ne. Su ma sai na rubuta?"

Amsarmu a taƙaice ita ce, yawancinsu a rubuta. Akwai kaɗan da za a iya bari, za mu faɗe su a ƙasa. Amma ya kamata ku san dalili, don wanda ya san dalilin abu ba ya gajiya da shi da wuri.

Inda maganar ta samo asali

Abinci yana ba jiki ƙarfi kamar yadda itace yake ba murhu wuta, kuma ma'aunin wannan ƙarfin shi ake kira kalori. Giram ɗaya na sukari ko garin hatsi yana da wajen kalori 4, giram ɗaya na mai kuwa 9. Babban mutum yakan buƙaci wajen kalori 2,000 ko fiye a rana, gwargwadon jikinsa da nauyin aikinsa. Ruwa ba shi da ko ɗaya. Gishiri ma haka. Shayin da ba a sa masa sukari ko madara ba, da ganyen miya, da tumatir, da yaji, abin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai.

A ƙasashe irin su Amurka, yawancin masu riƙe littafin abinci don rage ƙiba suke yi. Wani bincike da aka buga a can a shekarar 2008, a kan mutum kusan 1,700, ya nuna waɗanda suka riƙa rubuta abincinsu kullum sun rage nauyi ninki biyu na waɗanda ba su rubuta ba. Ga mai irin wannan lissafi, kofin ruwa ko shayi marar sukari ba ya canza komai, har dokarsu ta yarda a rubuta sifili a jikin gwangwani ko kwalba in abin da ake ci a lokaci ɗaya bai kai kalori 5 ba. Shi ya sa wasunsu suke cewa ɓata lokaci ne a rubuta irin waɗannan.

Mu kuwa a nan, mutum nawa ne aka ba littafi don ƙiba kaɗai? Kaɗan ne. An ba Baba don jininsa ya ƙi sauka. An ba Mama don sukarinta yana hawa yana sauka ba a san dalili ba. An ba mai jego don jaririnta yana ramewa. A duk waɗannan, abin da ma'aikacin lafiya yake nema sau da yawa yana cikin ƙananan abubuwan nan da aka raina.

Abin sha da ake ɗauka ruwa ne

Kafin mu je ga abubuwan da ba su da kalori da gaske, sai mun fara ware waɗanda ake yi musu wannan zato alhali cike suke. A wurinmu duk abin da ba a tauna ba, ba a lissafa shi cikin abinci. Mutum zai sha kunun zaƙi kofi biyu da hantsi, ya sha zoɓo mai sanyi da rana, ya ce bai ci komai ba tun safe.

Ƙaramin cokali ɗaya na sukari giram 4 ne, wato kalori 16. Mai sa cokali uku a shayi safe da yamma ya sha cokali shida ke nan, ban da madara. Lemon kwalba mai santilita 35 yakan ɗauki sukari har cokali takwas ko tara, lemon malta ma da ake kai wa marasa lafiya dubiya yana da sukari mai yawa. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum yake ƙara wa abinci da abin sha, haɗe da zuma, ya wuce wajen cokali 12 a rana, ta kuma ce in an tsaya a shida ya fi. Ku lissafa da kanku ku ga inda ranar biki ko ranar kasuwa take kai mutum.

Haka kuma burukutu, da pito, da bammi. Mun san koyarwar ikilisiyoyinmu a kan wannan, mun kuma san kunya takan sa a ɓoye. Amma giram ɗaya na barasa yana da kalori 7, yana ɗaga jini, kuma ga mai shan maganin sukari ko mai yin allurar insulin, shan giya da yunwa yana iya kayar da sukarin jini ƙasa har mutum ya suma, mutane su zaci maye ne kawai su bar shi kwance. Littafin nan na asibiti ne, ba dattawan ikilisiya za a kai wa ba. A rubuta gaskiya.

Sai kuma ɗan abin taɓawa a gona da kan hanya: rake, dabino, gasasshiyar masara, mazarƙwaila. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya ta haura kalori 150. Babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa da aka yaryaɗa kan wake yana da wajen 120. Duk waɗannan abinci ne sosai, babu gardama a kansu.

Gishiri, magi da kanwa

Nan ne maganar ta fi nauyi. Gishiri ba ya ƙara wa kowa ƙiba, amma ga mai hawan jini shi ne abu na farko da ya kamata ya shiga littafi. A cikinsa akwai wani sinadari da ake kira sodiyam, wanda yake sa jiki ya riƙe ruwa. In ruwa ya yi yawa cikin jijiyoyi, sai jini ya hau, zuciya da ƙoda su sha wahala. Ƙarshen wannan hanya shi ne shanyewar ɓarin jiki da muke gani a gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya da aka shafe bakinsa. Wannan ya haɗa da duk gishirin da ke cikin miya, da burodi, da yajin tsire, da busasshen kifi.

Mutane da yawa sun rage gishiri bisa umarnin likita, sai suka ƙara magi don miya ta yi daɗi. Dunƙulen magi, kowane iri ne, kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Farin magi ma yana da sodiyam. Haka nan garin ɗanɗano da ke zuwa cikin ledar taliyar yara.

Za ku ce, tukunya ɗaya muke ci duk gida, yaya mutum zai san nasa rabon? Abu ne mai sauƙi. Mai girki ta faɗi abin da ta zuba, a rubuta tare da yawan masu ci. A ce an sa babban cokali ɗaya na gishiri, wajen giram 15, da ƙananan dunƙule huɗu, waɗanda za su ba da wajen giram 8, cikin miyar mutum takwas. Kowa ya sami kusan giram 3 a ci ɗaya. In an ci irin miyar nan dare da safe, an riga an wuce iyaka tun ba a taɓa wani abu ba. Ba sai kun yi wannan lissafi da kanku ba. Ku dai rubuta "gishiri babban cokali 1, magi 4, mutum 8", ma'aikacin lafiya zai yi sauran.

Kanwa ita ma dangin gishiri ce, sodiyam ne ya fi yawa a cikinta. Ana sa ta a wake don ya nuna da wuri, da miyar kuɓewa, da ɗanwake, kuma kusan ba mu taɓa ganin wanda ya rubuta ta ba sai an tambaye shi. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilai dabam da ke jawo wannan ciwo. Duk da haka, macen da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki in ta kwanta, ko jininta ya hau lokacin ciki, kanwa mai yawa ƙara mata nauyi take yi. Dole mai duba ta ya san kofi nawa take sha.

Kada kuma a fahimce mu a baibai a daina gishiri gaba ɗaya. Tun shekarar 1993 doka ta wajabta a sa sinadarin aidin cikin gishirin ci a Nijeriya, shi ne yake kare mu daga maƙoƙo, yana kuma taimaka wa ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. A ci kaɗan, amma a tabbata na leda ne mai aidin.

Ruwan da ake ba jariri

Idan littafin na jariri ne da bai kai wata shida ba, to ruwa ya zama abu mafi muhimmanci a shafin. A wurin awo in an tambayi uwa me yaro yake sha, takan ce nono zalla. Sai an bi da tambaya a hankali kafin a ji cewa kaka tana ba shi ruwa da rana saboda zafi, ana ɗura masa dauri da safe, an lasa masa zuma ranar da aka haife shi. Uwar ba ƙarya ta yi ba. A ganinta waɗannan ba su shiga lissafi.

Cikin jariri ƙarami ne ƙwarai. A ranar farko abin da yake ɗauka a sha ɗaya bai wuce kamar ƙaramin cokali ɗaya ko fiye kaɗan ba. Ruwa yana cika wannan ɗan wuri ba tare da ya ba yaro komai ba, sai ya rage tsotso, in tsotso ya ragu kuma nonon uwa ya ragu. Ga shi kuma ruwan rafi ko na rijiya marar murfi yana kawo zawo. Nonon uwa kansa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, ya isa ya kashe wa jariri ƙishi ko a watan Afrilu. Tun shekarar 2001 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono kaɗai har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, sai maganin da asibiti ya bayar. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya cika shekara ɗaya, don takan ɗauki wata ƙwayar cuta da cikin jariri ba ya iya kashewa.

Iyayenmu kakanni, mun san ƙauna ce take sa ku ba jikokinku ruwa. Muna roƙo dai, in an bayar, a faɗa a rubuta. Yaro zai iya yin wata biyu ana neman dalilin ramarsa alhali dalilin yana cikin moɗa.

Ga manya ma ruwa yana da labarin da yake bayarwa. Mai ciwon sukari da ya ga ƙishi ya ƙaru, yana tashi fitsari sau da yawa da dare, alama ce sukarinsa ya hau. Mai ciwon zuciya ko ƙoda kuma wani lokaci likita yakan ƙayyade masa yawan ruwan da zai sha. Ba sai an auna ba, a ja ɗan layi ɗaya a gefen shafi duk lokacin da aka sha kofi ɗaya. In ana zawo a gida, a ƙara rubuta inda aka ɗebo ruwan.

Shayi, goro da jiƙe-jiƙe

Shayi ko ba sukari yana da wani hali da mata masu ciki ya kamata su sani. In an sha shi tare da abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda da shi ake yin jini. Haka yake yi wa ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awon ciki. Lemon zaƙi da gwaiba da tumatir kuwa taimaka wa jiki suke yi ya ɗauka. Saboda haka ga mai ƙarancin jini, lokacin da ta sha shayin ya fi yawansa muhimmanci. A bar tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsa da abinci, a kuma rubuta lokacin.

Goro yana da sinadarin nan mai hana barci da ke cikin gahawa. Yana sa zuciya bugawa da sauri, yana ɗan ɗaga jini na wani lokaci, yana kuma danne yunwa. Dattijon da ya ci goro yana jiran layi a asibiti, awon jininsa zai iya fitowa sama da yadda yake a gida. Mai maganin sukari da goro ya hana shi jin yunwa har ya tsallake abincin rana, shi ma ya sa kansa cikin hatsari.

Sai jiƙo da tsimi: ruwan shuwaka, ganyen darbejiya, saiwoyi da sassaƙe iri-iri da maƙwabta suke kawo wa marar lafiya. Ba za mu shiga gardamar amfaninsu a nan ba. Abin da muka sani shi ne, in mutum yana haɗa su da maganin asibiti bai faɗa ba, likita yana aiki cikin duhu. Zai iya ƙara magani ko ya rage bisa awon da jiƙon ne ya canza shi. Ko zoɓo marar sukari, an gano yana ɗan saukar da jini, don haka mai shan sa kullum ya rubuta. Haka kuma garin magani mai tafasa cikin ruwa da ake sha don ƙwannafi ko kumburin ciki, shi ma yakan ƙunshi sodiyam.

Masu sayar da kunu da zoɓo sukan sa sakarin maimakon sukari, wasu masu ciwon sukari kuma suna saye su sa a shayi. Ba shi da kalori, ba ya ɗaga sukarin jini. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da irin waɗannan kayan zaƙi don rage ƙiba, ko da yake shawarar ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. A rubuta shi da sunansa, don kada a lissafa muku sukarin da ba ku sha ba.

Ganye

Zogale, rama, alayyafo, yakuwa, tafasa, kabeji, gauta. Kalorinsu kaɗan ne, wasu kuma suna jin kunyar rubuta su don ana ce musu abincin talaka, musamman da damina in rumbu ya yi ƙasa. Wannan kuskure ne babba. A cikinsu ake samun bitamin da ke kare ido da ƙara jini, kuma mai ciwon sukari da ya cika rabin kwanonsa da kwaɗon ganye ya rage tuwo, ya yi abin da ake so.

Masu aikin agaji in sun zo tambayar abin da mace ta ci jiya, suna bin wani tsari da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar tare da abokan aikinta a shekarar 2016. An kasa abinci rukuni goma, ana so mace ta ci daga biyar aƙalla a rana. A wannan tsari, abin da bai kai giram 15 ba, wato kamar babban cokali ɗaya, ana rubuta shi amma ba a lissafa shi cikin rukunan. Ɗan garin kifi ko daddawa da aka barbaɗa don ƙamshi bai zama cin kifi ko cin wake ba. Don haka ku faɗi yawan abin: kwano guda na kwaɗon zogale dabam, ganye biyu da suka yi iyo cikin miya dabam.

Abin da za a iya bari

Ba ma so littafin ya zama muku kaya. Wanda aka ce ya ƙirga kowace ƙwayar masoro, kwana biyu zai yi ya jefar da littafin bayan ɗaki. Citta, kanumfari, tafarnuwa, albasa da tattasai da aka sa a miya yadda aka saba, ya isa a rubuta sunan miyar kawai. Barkono ma haka, sai dai ga mai gyambon ciki ko ƙwannafi da yake so ya gano abin da ke tayar masa da ciwo. Ɗanɗana miya sau ɗaya a bakin murhu ba komai, amma mai dafa abincin sayarwa da take ɗanɗanawa tun safe har yamma ta ambata. Wata 'yar'uwa mai ciwon sukari ta taɓa tambaya ko za ta rubuta gurasa da ruwan inabin Jibin Ubangiji. Abin da ake karɓa bai kai ya taɓa awon sukari ba, a zo teburin Ubangiji da kwanciyar rai. Azumi ne ya kamata a rubuta, kuma mai shan maganin sukari ya shawarci likita kafin ya shiga azumin ikilisiya.

Yadda za a rubuta

Littafin makaranta mai shafi 20 ya isa. Kowace rana shafi ɗaya. A raba shafin gida biyu, hagu abinci da lokacin da aka ci, dama kuma ƙananan abubuwa: gishiri, magi, kanwa, cokalin sukari, goro, jiƙo, da layukan ruwa. A yi amfani da ma'aunin gida, wato malmala, ludayi, kofi, cokali, amma a tsaya kan kofi ɗaya da cokali ɗaya kada a riƙa canzawa. A rubuta nan take ko da yamma kafin a kwanta, don abin da ya kwana ƙananan ne suke fara ɓacewa daga tunani.

Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ko jikansa ɗan makaranta ya rubuta masa, ko a roƙi matar mai bishara ko sakatariyar Zumuntar Mata, muddin mutum ne mai riƙe sirri. In asibiti bai faɗi yawan kwanaki ba, a yi kwana uku kafin ranar komawa, a tabbata ɗaya daga ciki Lahadi ce ko ranar kasuwa, don cin waɗannan ranaku dabam yake da na sauran. Kada a canza girki don ana rubutawa. Ranar zuwa asibiti a tafi da littafin tare da katin awo da duk magungunan da ake sha, har da kwalbar jiƙon in akwai, in da hali kuma mai girkin gidan ta raka marar lafiya, don ita ce ta san abin da ya shiga tukunya.